Ƙarin ma'ajiyar ƙwai mai tsokar tayirod: me ake gani a hoto?

Wani likita matashi da ke aiki a wani babban asibiti ya aiko da wannan tambaya: "Malam, ina da mara lafiya mai shekara 47, ba ta daina al'ada ba. Ta zo da kumburin ciki. Sikanin ya nuna ƙari mai ɗakuna da yawa a ma'ajiyar ƙwai ta dama, santimita 11, da tsoka a ciki mai jini sosai, ga ruwa ya taru a cikinta, gwajin jini na CA-125, wanda kan hau a dajin ma'ajiyar ƙwai, kuma 310. Duk mun yanke cewa ciwon daji ne. Da muka tura ta MRI sai rahoto ya dawo da cewa a yi tunanin struma ovarii. Me mai karanta hoton ya gani da mu ba mu gani ba? Kuma za a iya dogara da maganarsa?"

Likita, sannu da ƙoƙari. Lissafinku daidai yake, kuma duk wanda aka miƙa wa waɗannan bayanai a takarda abin da zai faɗa ke nan. Ɗauki ma'aunin RMI da muka saba da shi wajen kimanta haɗarin daji: alamomin sikanin sun kai biyu ko fiye, maki 3 ke nan, ba ta daina al'ada ba, maki 1, a ninka da 310, ya ba ka 930, alhali iyakar da ake fara tsorata ita ce 200. In kuma ka bi ƙa'idojin shekarar 2008 na IOTA, ƙungiyar masu binciken ƙarin ma'ajiyar ƙwai, a cikin alamomi biyar na mugun ƙari ta kama ruwan ciki, ta kama jini mai ƙarfi, wataƙila ta kama na uku ma, wato ƙari mai ɗakuna da tsoka da ya kai santimita 10. Babu ma'aunin da zai wanke ta. Halin struma ovarii ke nan, wanda zan riƙa kira sitiruma: in ka ɗauki alamominsa ɗaya bayan ɗaya, kowace tana nuna daji. Sai an haɗa su a wuri guda, an kuma san irin naman da ke ciki, sannan hoton yake canza ma'ana.

Sitiruma ɗan gidan teratoma ne, wato ƙarin da ke ɗauke da naman sassan jiki daban-daban, dangin damoyid ɗin nan da kuke buɗewa a tiyata ku tarar da gashi da kitse, wani lokaci har da haƙori. Ba abin mamaki ba ne a samu ɗan guntun tsokar tayirod a cikin damoyid idan an duba da madubin likita. Amma ba a kiran ƙarin da sunan sitiruma sai tsokar tayirod ta wuce rabinsa, wato irin naman nan na gaban wuya da yake kumbura ya zama maƙoƙo. Bai kai ko da kyar ya kai kashi 1 cikin 100 na dukkan ƙarin ma'ajiyar ƙwai ba, kuma kusan kashi 3 cikin 100 ne na teratoma. Ya fi zuwa wa mata 'yan shekara arba'in da wani abu zuwa hamsin, galibi a gefe ɗaya. Mara lafiyarka ta shiga wannan sahu.

Abubuwa biyu game da tayirod su ne suke bayyana duk abin da za ka gani. Na farko, nama ne mai jini ƙwarai, yana cikin sassan jiki da suka fi kowane samun jini idan aka kwatanta da girmansu. Na biyu, yana tara wani ruwa mai kauri da ake kira koloyid a cikin ƙananan aljihuna, ruwan da ke ɗauke da furotin tayirogulobulin da kuma aidin. Idan wannan ruwa ya daɗe a aljihu ɗaya yakan yi kauri ya daskare kamar jiƙaƙƙen ƙaro, yayin da na aljihun da ke kusa da shi yake nan tsararo. Riƙe waɗannan biyun.

A sikanin, sitiruma yakan fito a matsayin ƙari mai ɗakuna da yawa, gefensa na waje sumul ko da tudu-tudu masu laushi, ɗakunan kuma ba irinsu ɗaya ba: wani baƙi ƙirin, wani da ɗan hazo-hazo. Abin da ake nema shi ne wata dunƙulalliyar tsoka mai santsi, zagayayya, mai ɗan haske, zaune a jikin bango ko a tsakanin ɗakuna, wadda masana sikanin suka laƙaba wa lu'ulu'un sitiruma. In ka kunna Dofla, wato ɓangaren sikanin da ke nuna gudun jini, za ka ga jini yana ratsa ta har tsakiya. Bambancinta da tsiron da ake gani a dajin ma'ajiyar ƙwai yana fuskarta. Tsiron daji yana da kaushi, kansa a yamutse, sau da yawa da yawa suke fitowa a jere. Ita kuwa wannan gefenta a goge yake. Sai dai ba a ganin wannan bambanci ta saman ciki da mafitsara rabi-rabi, a cikin layin mutum hamsin da ke jira a waje. Sai an yi sikanin ta farji, an juya na'urar ta fuskoki biyu, an dakata a kan tsokar. Kuma ko an yi hakan, ba kowane sitiruma ke nuna lu'ulu'un ba. Wani kusan duk ruwa ne, wani kusan duk tsoka, wani kuma yana ɓoye a gefen damoyid, inuwar kitse da gashi ta rufe shi. Saboda haka ba na ɗora wa sikanin nauyin da ya fi ƙarfinsa. Aikinsa a nan ya sa ka ce "wannan ƙarin da sauran magana", ka nemi hoto na gaba.

CT ne mutane suka fi rainawa a wannan ciwo, alhali yana da shaidar da ba ta da tsada. Sharaɗin kawai a ɗauki hoton kafin a yi allurar rini, wato ruwan da ake sawa a jijiya don nama mai jini ya yi haske a hoto. A ma'aunin Hounsfield ruwa sifili ne, kitse yana ƙasa da sifili, wajen -100, ruwan ƙulli na yau da kullum ba ya wuce 20. Tayirod ta wuya kuwa, tun kafin rini, takan kai wajen 80 zuwa 100 saboda aidin ɗin da ke cikinta, shi ya sa take haske a hoton wuya. To haka wasu ɗakunan sitiruma suke. Ka ɗora ma'auni a kan ɗaki ɗaya ka ga 15, ka matsa santimita biyu ka ga 70 ko 90, kuma bayan rini wannan ɗakin mai haske bai ƙara komai ba. Abu kaɗan ne a ƙashin ƙugun mace ke yin haka. Gudan jini yana iya kai 50 zuwa 70, amma yakan zo da ciwo na farat ɗaya, yakan yi layi ya kwanta a ƙasa, kuma in an sake hoto bayan makonni ya canza. Koloyid ba ya gaggawar canzawa.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda a wurare da dama ake tsallake hoton farko, a tafi kai tsaye ga na bayan rini don rage lokaci. Da zarar an yi haka, ɗakin nan mai 80 sai ya zama kamar tsokar da ta sha rini, mai karatu ya rubuta "ƙari mai tsoka da yawa", shaidar da za ta taimaki matar ta koma shaida a kanta. Idan kana rubuta takardar neman CT don ƙarin ma'ajiyar ƙwai da ba ka gane kansa ba, rubuta ƙarara cewa kana son hoton ƙashin ƙugu kafin rini. Ban da wannan, CT yakan nuna ɗan daskararren kalshiyam a jikin bango ko shingen ɗakuna, siriri a lanƙwashe. In kuma an ga kitse, to akwai damoyid a tare, kuma wannan kansa yana ƙara ƙarfin zato, domin ƙari mai kitse a gefe ɗaya da tsoka mai shan rini sosai a ɗaya gefen dole a sa sitiruma a lissafinsa.

Yanzu ga MRI, inda nake kyautata zaton abokin aikina, mai karanta hoton, ya kama zaren. A hoton T2, ɗaya daga cikin manyan nau'o'in hoton MRI biyu (ɗayan shi ne T1), ruwa fari yake fitowa. Ƙari mai ɗakuna da yawa ya kamata ɗakunansa su yi fari, ko fari-fari. A sitiruma sai ka ga kowane ɗaki da launinsa, wani fari tas, wani toka-toka, wani duhu, abin da littattafan hoto suke kwatantawa da tagar gilashi mai launi-launi. Wannan kaɗai bai isa ba, domin ƙari mai majina, wato musinos, shi ma haka yake yi, kuma ya fi sitiruma yawa nesa ba kusa ba. Abin da ke raba su shi ne ɗaki ɗaya ko biyu da suka yi baƙi wuluk a T2, baƙin da ya kusa na ƙashi ko na iska. Koloyid ne da ya yi kauri har ruwan cikinsa ya ƙare. In ka koma T1, wannan ɗakin ba ya yin fari fat, yakan tsaya a tsaka-tsaki ko ya ɗan yi haske kaɗan. Bayan allurar gadoliniyam, wato rinin MRI, kuma ba ya shan komai. A gefensa kuwa, shingayen ɗakuna masu kauri da dunƙulen tsokar nan suna shan rini da wuri, da ƙarfi, har su yi gogayya da tsokar mahaifa ko su wuce ta. Baƙin ɗaki da ba ya shan rini, manne da tsoka mai santsi da ke sha fiye da kima: in ka ga wannan haɗin, sitiruma ya hau kan jerinka.

Akwai masu yin baƙi a T2 da za su iya ruɗa ka, kuma kowanne da inda asirinsa yake tonuwa. Ƙullin tsohon jini na endometiriyosis, ciwon da irin naman cikin mahaifa ke tsirowa a wajenta, yana duhu a T2, amma a T1 fari ne fat, kuma farin yana nan ko an danne kitse. Ga shi matar takan zo da tarihin ciwon mara mai tsanani lokacin al'ada. Fayiburoma na ma'ajiyar ƙwai, wato ƙari mai tauri marar daji, da masu kama da shi a hoto irin su ƙarin Brenner, su ma baƙaƙe ne a T2, amma su tsoka ce, suna shan rini ko da kaɗan ne kuma a hankali. A nan ne hoton ragi yake da amfani, inda kwamfuta ke cire hoton kafin rini daga na bayan rini. Abin da bai sha ba sai ya ɓace gaba ɗaya, abin da ya sha ya rage. Minti biyu ne aikinsa, amma sai an tuna an nema. Damoyid kuwa kitsensa fari ne a T1, yana dushewa da zarar an danne kitse. Sai kuma dajin da ya taso daga hanji ko tumbi ya sauka a ma'ajiyar ƙwai, wanda shi ma yakan yi ɗakuna masu launi daban-daban. Shi ya fi kama gefe biyu, kuma in ka duba hanjin da kyau sau da yawa za ka ga tushen.

Wani tarko kuma yana cikin tsarin O-RADS na Kwalejin Likitocin Hoto ta Amurka, wanda ake ba ƙari maki daga 1 zuwa 5. A ɓangaren MRI, tsokar da ta sha rini da sauri fiye da tsokar mahaifa tana samun maki 5, wato mafi girman zaton daji. Tsokar tayirod kuwa haka Allah ya yi ta, da sauri take sha. Don haka lafiyayyen sitiruma yana iya samun 5 ba tare da ya yi laifin komai ba. Tsarin yana da kyau, ina amfani da shi kullum, amma an gina shi ne a kan ƙarin da aka fi gani. Mai karatun da ya san aikinsa zai rubuta makin yadda ƙa'ida ta ce, sannan ya ƙara layi ɗaya a ƙasa cewa siffar ta yi kama da sitiruma. Ina jin abin da rahotonku ya yi ke nan.

Saura ruwan ciki da CA-125, waɗanda su ne suka fi tayar muku da hankali. A shekarar 1937 likitan mata Joe Vincent Meigs na Boston ya bayyana mata masu fayiburoma na ma'ajiyar ƙwai tare da ruwa a ciki da ruwa a ƙirji, waɗanda ruwan ke ɗaukewa da zarar an cire ƙarin. Daga baya aka ga wasu ƙarin da ba fayiburoma ba suna yin haka, sitiruma na cikinsu. Ruwan ciki yakan zo a tsakanin ɗaya cikin shida zuwa ɗaya cikin uku na masu sitiruma. CA-125 kuma, da iyakarsa ta 35, ba ƙarin kaɗai ke fitar da shi ba. Duk abin da ya dami tantanin ciki yana ɗaga shi, har ciwon hanta da na zuciya. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce yaya tantanin cikin yake. Koma ga hoton ka bi shi a tsanake: ƙarƙashin haƙarƙarin dama a saman hanta, kwararon gefen hanji na dama da na hagu, kitsen da ke lulluɓe da hanji, ramin bayan mahaifa, da kaluluwar gefen babbar jijiya. A dajin da ya kai ga tara ruwa mai yawa, da wuya ka rasa ƙuraje ko kaurin tantani a ɗaya daga cikin waɗannan wurare. Ruwa garau, tantani siriri sumul, kitsen hanji babu ɗigo, ɗaya ma'ajiyar ƙwan lafiya lau: wannan ya fi kama da ƙarin da ke zubar da ruwa kawai.

A ƙasarmu, ban da daji da sitiruma, akwai na uku da bai kamata ya fita daga ranka ba, shi ne tarin fuka na ciki. Yana kawo ruwa, yana ɗaga CA-125 har ɗaruruwa, yana dunƙule bututun ƙwai da hanji su yi kamar ƙari. Shi ruwansa yakan zo da zare-zare a sikanin, tantanin ya yi kauri bai ɗaya, hanji su manne, kaluluwa su ruɓe a tsakiya. In za ka ɗebi ruwan cikin don gwaji babu laifi, amma ka sani rashin ganin ƙwayar cutar a ruwan bai kore ta ba. Shi ƙarin kansa kuwa kada a soka masa allura ta fata. In daji ne ka watsa shi, in sitiruma ne ba abin da za ka ƙaru da shi.

To za a iya dogara da rahoton? A dogara da shi wajen canza shiri, kada a dogara da shi wajen kwantar da hankali gaba ɗaya. Kusan kashi 5 cikin 100 na sitiruma, a wasu ƙididdigar har zuwa 10, yana ɗauke da dajin tayirod a cikinsa, galibi irin mai tsiro da aka fi sani a wuya. Babu hoton da ke raba mai daji da marar daji da tabbaci matuƙar bai bazu ba, domin dajin yakan kasance ɗan ƙaramin wuri ne a tsakiyar lafiyayyar tsoka. Akwai ma wani nau'i da tsokar tayirod ke cakuɗe da wani ƙari daban da ake kira kasinoyid. Hukunci na ƙarshe yana hannun masu duba nama, kuma ya kamata ka rubuta musu zaton sitiruma a takarda domin su yanka wurare da yawa, su yi rinin tayirogulobulin da TTF-1, masu taimakawa a gane naman tayirod, in akwai hali.

Abin da zan so ka yi gobe da safe shi ne ka aika jininta gwajin TSH da T4, masu nuna yadda tayirod ke aiki, ka kama hannunta ka ƙirga bugun jini, ka tambaye ta faɗuwar gaba, rawar hannu, zufa da rama duk da tana cin abinci, sannan ka shafa wuyanta. Kashi 5 zuwa 8 cikin 100 na masu sitiruma ƙarin yana zuba sinadarin tayirod fiye da kima. Kaɗan ne, amma matar da ke cikin wannan hali in aka kwantar da ita aka fara matsa ƙarin a tiyata ba tare da an shirya ta ba, tana iya faɗawa cikin tashin tayirod mai kisa, zazzaɓi ya hau, zuciya ta rikice. Mai ba da maganin barci yana da haƙƙin sanin wannan tun kafin ranar aiki. Haka kuma rinin CT aidin ne zalla. Yana iya ƙara hura wutar a mai irin wannan matsala, kuma yana cika jiki da aidin har ya hana hoton aidin mai haske aiki na wata ɗaya zuwa biyu. Tunda kun riga kun samu MRI, ban ga dalilin CT mai rini yanzu ba sai in akwai tambayar da MRI bai amsa ba.

Shi hoton aidin mai haske, da I-123 ko I-131, shi ne ke nuna cewa naman yana aikin tayirod: ƙashin ƙugu ya yi haske, wuya kuma ya dushe idan ƙarin ne ke zuba sinadarin. Ana yin irin wannan hoto a sashen nukiliya na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan da Asibitin Ƙasa na Abuja. Amma ba zan ɗora wa iyali kuɗin mota da masauki don shi ba idan TSH ɗinta daidai yake, domin ko ya nuna ko bai nuna ba, ƙari mai santimita 11 sai an cire shi. Inda yake da amfani shi ne matar da sinadarinta ya yi yawa kuma tana da maƙoƙo a wuya, ana son a san wanne ne mai laifin. Ko a nan ma a sa ta yi fitsari kafin hoton, don aidin ta mafitsara yake fita, hasken mafitsara kuma yana iya rufe ƙarin ko ya yi kama da shi.

Game da aikin, ra'ayina shi ne a yi shi inda akwai likitan dajin mata, a shiga da shirin daji amma kada a fara da shi. A ɗebi ruwan ciki don gwaji, a duba ko'ina da ido da hannu, a cire ma'ajiyar ƙwan da bututunta ba tare da an fasa ba. Idan akwai gwajin nama na nan take, ya yi jagora. Idan babu, kuma cikin yana da tsabta, gara a tsaya a jira sakamako da a kwashe komai bisa zato. Ga mai shekara 47 da ta gama haihuwa wannan bambanci bai kai na yarinya 'yar 25 ba, amma ko ita bai kamata a fara mata maganin daji na ƙarin ruwa bisa hoto da CA-125 kaɗai ba. In an yanka ƙarin za ku ga aljihuna cike da abu mai yauƙi, ruwan ƙasa ko kore-kore, da nama ja-ja irin na maƙoƙo.

In sakamako ya dawo babu daji, aikin ya wadatar. Ruwan ciki yakan ɗauke, CA-125 ya sauka cikin makonni zuwa 'yan watanni, sai a sake TSH bayan aiki ga wadda nata ya taɓu. In an samu daji, a yi sikanin wuya a tabbatar ba daga can ya taso ba, sannan a zauna da likitan tayirod. Ƙaramin da bai fita daga ma'ajiyar ƙwai ba sau da yawa sa ido ake yi. Wanda ya girma ko ya bazu, akan cire tayirod ta wuya domin maganin I-131 ya samu isa gare shi, a riƙa bin matar da gwajin tayirogulobulin na shekaru masu yawa, domin irin wannan yakan dawo ko bayan shekara goma.